Amsa ga mai tambayar virsh da ya ƙi ganin soket

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, ka ce ka harhaɗa QEMU (mai tada kwamfuta ta kwaikwayo cikin kwamfutarka) da libvirt (mai kula da ita) da hannunka a Ubuntu, komai ya tafi lami lafiya amma virsh, wanda da shi ake ba libvirt umarni, yana ce maka bai ga soket, wato fayil ɗin da yake magana da libvirt ta cikinsa, a /var/local/run/libvirt ba. Kada ka goge komai tukuna, ba ka yi ɓarna ba.

Abin da ke faruwa, hanyoyin fayil irin wannan tun lokacin harhaɗawa ake dasa su cikin furogiram, ba lokacin da ka kira shi yake nemansu ba. In ba ka faɗi prefix ba, wato inda za a girka shi, sai ya ɗauki /usr/local, to yanzu virsh biyu gare ka, na apt (mai girka furogiram na Ubuntu) da naka, naka ne ke gaba a PATH (jerin wuraren da ake neman furogiram), shi kuwa libvirtd da ke aiki, wato wanda ke amsa wa virsh, na apt ne kuma soket ɗinsa yana /run/libvirt, kowa na jiran ɗan'uwansa a tasha daban. Buga which virsh ka gani.

Ni ma haka ta same ni a shagona nan Maradi cikin zafin Afrilu, wata tsohuwar kwamfuta ce mai RAM giga 4, fanka tana kuka kamar injin niƙa, kuran ya ɗauke ana tsakiyar aiki na sake tada shi, da ya ƙare kuma sai wannan saƙon. Na yi dabarar ln -s, wato symlink mai nuna wa virsh inda soket yake, na ce na huta, ashe ban huta ba, sai Permission denied ta fito alhali da sudo nake. Sai da na leƙa dmesg, wato saƙonnin kernel, na ga apparmor="DENIED", don dokokin AppArmor, mai gadin furogiram a Ubuntu, sun san qemu-system-x86_64 na /usr/bin ne kawai, wanda ke /usr/local baƙo ne a wurinsu. Shi ya sa ban son symlink ɗin nan, faci ne kawai.

Tun libvirt 6.7.0 a 2020 sun koma harhaɗawa da meson, to in so kake naka ya maye gurbin na apt ka yi meson setup build -Dsystem=true, shi zai sa /usr da /etc da /var, amma ka sani zai taka fayilolin apt, ranar da ka yi upgrade za su rama. In gwaji ne kawai kada ma ka yi install, akwai ./run cikin build, ka kira virsh ta bakinsa.

Saura QEMU, mashin ɗin kwaikwayo da ka ƙirƙira tun farko ya riƙe tsohuwar hanya a layin emulator na XML ɗinsa, virsh edit za ka yi ka canza. In kana amfani da bridge, wato gadar da ke haɗa mashin da reso, duba bridge_helper a /etc/libvirt/qemu.conf, na Ubuntu yana /usr/lib/qemu, naka kuwa yana libexec ƙarƙashin prefix ɗinka.

Turo mana abin da which virsh da dmesg suka nuna, in reso bai yanke ba zan duba bayan magariba in sha Allah.