Amsa: Ko wanda aka yi wa dashen hanta zai iya daina shan magani?

Malam, ka tambaya ko ƙanenka zai iya ajiye magungunansa tunda ya samu sauƙi bayan dashen hanta. Don Allah kada ya kuskura. Har yanzu garkuwar jikinsa baƙuwa take ɗaukar hantar nan, magunguna irin su takrolimus ne ke hana ta far mata. Matsalar kuwa, sau da yawa mutum ba ya jin komai da farko, sai gwajin jini ya nuna. An fi ganin haka a watannin farko, amma yakan faru ko bayan shekaru.

Gaskiya maganin yana taɓa ƙoda, yana iya kawo ciwon suga da hawan jini, shi ya sa likitoci ke auna yawansa a jini. In ya ga zazzaɓi ko shawara, ya garzaya asibiti ranar.