Tambaya da Amsa: Gabana Yana Faɗuwa Duk Lokacin da Zan Shiga Aji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni sabuwar malama ce a wata makarantar sakandare. Duk ranar da nake da darasi, tun daga asuba gabana yake faɗuwa, bakina ya bushe, hannuna ya riƙa rawa har alli ya nemi suɓuce mini. Gwaggona ta ce ƙarancin tawakkali ne, wata ƙawata kuma ta ce in nemi a mayar da ni ofis. Shin koyarwa ce ba ta karɓe ni ba?
Wata malama daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki nemi komawa ofis tukuna, domin abin da kika bayyana shiri ne da jiki yake yi idan ya tunkari al'amarin da mutum ya ɗauka da muhimmanci. Wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin, sai zuciya ta ƙara bugu don jini ya isa ga tsoka da sauri, narkar da abinci ta lafa, yawu ya ragu, shi ya sa bakinki yake bushewa. Malamin da bai damu da ko ɗalibai sun fahimta ko ba su fahimta ba, da wuya ya ji irin wannan.

Fassarar da mutum ya yi wa wannan yanayi tana da tasiri. A shekarar 2010, Jeremy Jamieson da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa wani bincike kan ɗalibai masu shirin jarrabawar shiga karatun digiri na biyu. An gaya wa wasunsu cewa bugun zuciyar da za su ji zai iya taimaka musu, sauran kuma ba a ce musu komai ba, sai rukunin farko suka fi samun maki a ɓangaren lissafi. Fargabar ba ta bar su ba, sun dai daina kallonta a matsayin alamar gazawa.

A nan ne na saɓa da ƙawarki, duk da na san tausayinki ta ji. Duk ranar da kika kauce wa aji za ki samu sauƙi nan take, amma wannan sauƙin ne yake tabbatar wa ƙwaƙwalwa cewa ajin haɗari ne, gobe kuma tsoron ya ƙaru. Idan kuwa kika shiga da rawar hannunki, kika rubuta kan darasi a allo, kika kai ƙarshen lokaci ba tare da wani mugun abu ya faru ba, to jikinki ya koyi cewa zai iya ɗauka, kuma juriya daga maimaita hakan take ginuwa. Ki haddace jimlolinki na farko tun a gida, ki tsaya a bakin ƙofa ki ja numfashi ki sake shi a hankali, sannan ki buɗe darasin da tambaya domin idanu su koma kan mai amsawa.

Ita kuma Gwaggo, ki tuna mata cikin ladabi cewa a Suratu Ɗaha, Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, sun faɗi tsoronsu a fili lokacin da aka aike su wurin Fir'auna, suka kuma tafi.

Sai dai akwai iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne suke fama da cutar fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suke samun kulawa. Idan zullumin ya bi ki har ranakun hutu, ya hana ki barci ko cin abinci, ya ɗauki watanni bai sassauta ba, to ya zama lalurar da ake magani, ba a cewa a yi ta haƙuri kawai. Ki je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, a duba har da jininki da maƙoƙo, domin matsalarsu ma tana kawo bugun zuciya. Ina roƙonki kada ki sayi ƙwayar kwantar da hankali a kyamis ba da takardar likita ba.