Hukuncin ɗaukar hoton duwatsu a lokacin dusar ƙanƙara

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Kayseri, ƙasar Turkiyya. Idan hunturu ya shigo nakan tafi tsaunukan Aladaglar in ɗauki hoton manyan duwatsun nan masu miƙewa tsaye kamar bango, dusar ƙanƙara ta lulluɓe su, in sayar a intanet ina rage kuɗin makaranta. Nakan fita da dare ni kaɗai don fitowar rana ta same ni a bakin dutse, kuma ban gaya wa mahaifiyata ba don kada hankalinta ya tashi. Wani abokina ya ce duk hoton abin da Allah ya halitta haramun ne, ko dutse ne, kuma kuɗin haram nake ci. Mene ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, hoton dutse da ƙanƙara da sararin sama halal ne, kuɗinsa ma halal ne. Ka ci, ka biya makaranta, hankalinka kwance.

Abokinka ba da ka ya yi magana ba, akwai inda ya jingina, don haka sai a tsaya a warware masa. Hujjarsa hadisin ƙudusi ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Allah yake cewa babu mafi zalunci irin wanda ya tafi yana halitta kamar halittarsa, to su halicci ƙwayar zarra, ko ƙwayar hatsi, ko ta sha'ir. Abokinka zai ce ai hatsi ba shi da rai. Jamhurun malamai sun fahimci wannan a matsayin nuna gazawar bawa: wanda ya kasa ƙwayar sha'ir, ina zai iya mai rai? Abin da ke tabbatar da haka shi ne azabar da aka ambata wa masu sura, cewa za a ce musu su raya abin da suka halitta, su busa masa rai. Ta yaya za a ce wa mutum ya busa rai ga dutsen da asalinsa ma ba shi da shi? Sannan Ibn Abbas, wanda da kansa ya ruwaito hadisin azabar, wani mai sana'ar zane ya zo masa, da ya ji hadisin fuskarsa ta canza don tsoro, sai Ibn Abbas ya ce masa idan ba makawa sai ka yi, to ka yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Mai ruwaya ya fi kowa sanin abin da ya ruwaito. Haka a hadisin Abu Dawud da Tirmizi, Mala'ika Jibrilu ya yi umarni a cire kan mutum-mutumin da ke ƙofar gida har ya koma kamar siffar bishiya. Da siffar bishiya haramun ce, da gyaran bai gyara komai ba. Iyakar abin da aka samu daga magabata shi ne Mujahid ya ƙi surar bishiya mai 'ya'ya, kuma Alƙali Iyad ya ce babu wanda ya faɗi haka sai shi. Ko a maganar Mujahid ɗin dutse bai shiga ba. Ka gaya wa abokinka da taushi cewa haramta halal ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya daina kiran abincin ɗan'uwansa haram a kan fahimtar da malaman mazhabobi huɗu ba su tafi a kanta ba. Allah da kansa ya kira mu mu dubi duwatsu yadda aka kafa su, ya kuma ambaci zane-zanensu farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin a Suratu Faɗir, aya ta 27.

Idan mutum ko tsuntsu ya faɗo cikin hoton, wannan ya shiga saɓanin malamai da aka sani a kan hoton mai rai da kyamara, kuma ina tare da masu sauƙaƙawa matuƙar babu tsiraici. Idan ka canza sararin sama da kwamfuta ko ka haɗa hotuna biyu, ka bayyana wa mai saye. Ɓoyewa algus ne.

Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka kalmomi uku ne: da dare, ni kaɗai, bakin dutse. A nan hukunci yake canzawa. Tsaunukan da kake hawa ba ƙananan tuddai ba ne, ƙololuwar Demirkazik ta kai mita 3,756. A hunturu iska tana tara dusar ƙanƙara a leɓen dutse ta yi kamar rumfa, sama a shafe, ƙasa fanko, kuma mai neman kusurwa mai kyau idonsa na cikin kyamara, ƙafarsa na matsawa gaba. Ƙasar da kake zaune ta ga zaftarewar ƙanƙara a lardin Van a watan Fabrairun 2020, inda fiye da mutum 40 suka rasu, da yawansu waɗanda suka je ceto ne. Ka lura da wannan: wanda ya jefa kansa cikin haɗari yana jawo waɗanda za su fito nemansa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. Ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kwana a saman soron da ba shi da katanga, balle leɓen dutse mai santsi. Don haka fitarka a wannan siffa ban halatta maka ita ba. Ranar da hukuma ta yi gargaɗin zaftarewa, ko hanya ta fi ƙarfin iyawarka, fitar haramun ce ko da hoton zai biya kuɗin shekara. Idan ka tafi da rakiyar wanda ya san tsaunin, da kayan hawa, ka bar labarin inda ka nufa da lokacin dawowarka, ka tsaya nesa da baki, ta koma halal.

Mahaifiyarka kuma ka gaya mata. Ɓoyewar da ka yi tana nuna ka san abin da za ta ce. Idan ta hana saboda tsoron halaka, ka bi ta, ka ɗauki hotonka daga ƙauyukan gindin tsauni.

Ba ka tambayi salla ba, amma hasken da kake bi yana zuwa ne daidai ƙarshen lokacin asuba. Ka yi salla kafin ka kafa kyamara. Ka yi alwala tun a masauki, ka sa huffi a kan cikakkiyar tsarki don ka samu damar shafa. Idan alwala ta karye kuma kana da ruwan ɗumi a gora ko abin narkar da ƙanƙara, alwala ce wajibi. Idan ka ji tsoron cutuwa da gaske, ka yi taimama kamar yadda Amru bin Asi ya yi a daren sanyi Annabi ya tabbatar masa. Dutsen da ke gabanka ya isa, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta taimama a kan ƙanƙarar kanta. Allah ya tsare ka, ya sa albarka a karatunka. Wallahu a'alam.