Amsa: sayar da Lexus ES 350 ba tare da dillali ba

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce kana son sayar da ES 350 ɗinka ta 2012 da kanka, don gudun la'adar dillalai. Zai yiwu, amma sai ka yi haƙuri, don masu sayen babbar mota ba su kai masu neman Corolla yawa ba.

Abin da zai ɗaga maka farashi shi ne takardu. Haɗa takardar kwastan, ta mallaka, da rasit ɗin duk sabis da ka yi. Mai saye in ya ga tarihin canjin mai a rubuce, cinikin ma sai ya yi sauƙi. Ka kuma faɗa masa injinta V6 ne, wato mai silinda shida, irin na wasu Camry, kayan gyara ba sa wuya.

Ɗora hotuna masu haske a shafin saye da sayarwa na Jiji da kuma Facebook. In akwai inda aka yi fenti, faɗi tun farko, makanikin mai saye zai gano ai.

Ku haɗu da rana a wuri mai jama'a, kada ya gwada tuƙi shi kaɗai. Mabuɗi kuwa, sai kuɗi sun zauna a asusunka. Saƙon waya kaɗai ba hujja ba ne, alat ɗin bogi ya yi yawa. Sannan ku rubuta yarjejeniya da shaidu, a canza sunan mallaka da wuri.