Amsa: Ta yaya ƙungiyar 'yan matanmu za ta tara kuɗi ba tare da roƙo ba?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce 'yan matan Islamiyyarku na son sayen kayan makaranta ga marayun unguwa, amma kuɗin wata-wata da suke zubawa bai kai ko'ina ba.

Shawarata, ku dogara da sana'ar hannunsu. Daren jajiberin Sallah mata na neman mai ƙunshi ido rufe. Ku shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan wata uwa da iyaye suka amince da ita, masu iya zanen lalle su zauna, ƙanana su riƙa kwaɓawa da yanka salatif. Kuɗin da aka samu ya tafi asusu kai tsaye. Cincin, dubulan da turaren wuta ma suna tafiya sosai lokacin biki, idan kun karɓi oda tun da wuri. Amma don Allah kada a ɗora wa yara tire su shiga tasha talla da sunan aikin alheri. Wannan ban yarda da shi ba sam.

Kafin komai ku je gaishe da mai unguwa da shugaban makaranta, ku sanar da su. Kuɗi kuwa kada su kwana a hannun mutum ɗaya: ma'aji daban, mai rubutawa daban, a karanta lissafi gaban kowa duk taro.

Rabon kayan kuna iya sa shi ranar 11 ga Oktoba, ranar 'ya'ya mata ta duniya. Ku kai wa kowane yaro gida, ban da ɗaukar hoto.