Amsa: Me ya sa ba a daina Glivec bayan gwaji ya yi kyau?

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa yayanka lafiya. Ka ce gwajin jininsa ya yi kyau, amma likita ya hana shi daina shan imatinib, wato Glivec. Likitan na da hujja.

A irin sankarar jinin da yake da ita, CML, kiromosom (zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure, aka samu gurɓataccen furotin BCR-ABL mai tunzura ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa. Imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, wannan furotin yake toshewa.

To amma akwai iyayen ƙwayoyin cutar, 'yan tsiraru, da ke kwance cikin ɓargo suna barci. Ba su cika rabuwa ba, kuma rayuwarsu ba ta dogara da BCR-ABL kaɗai ba. Ƙwayoyin ɓargon da ke kewaye da su na riƙe su ta hanyar sinadarin CXCL12. Kamar kirikiri ne, ka nome sama, saiwa na ƙasa. A binciken STIM na Faransa, 2010, kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka daina maganin cutar ta dawo musu, yawanci cikin wata shida.

Masana na neman inda za su kama iyayen nan. A AML, wata irin sankarar jinin ta daban, maganin venetoclax yana toshe BCL-2, furotin da ke kare su daga mutuwa. A CML kuwa gwaji ake yi tukuna.

Dainawa tana yiwuwa ga wasu, bayan shekaru, tare da gwajin PCR, mai gano ɓurɓushin cutar a jini, kowane wata da farko. Kada ya yi gaban kansa.