Tambayi Likita: Yaushe Ne Ciki Ke Shiga?

Tambaya: Likita, wata takwas da aurena shiru, dangin miji sun fara magana. A wane lokaci ciki ke shiga? (Daga Ƙofar Ƙaura, Katsina)

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, wata takwas bai kai a ce da matsala ba. Mace na sakin ƙwai sau ɗaya a wata, wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ƙwan ba ya wuce awa 12 zuwa 24, amma maniyyi kan yi har kwana 5 a jikin mace yana jira. Idan al'adarki na zuwa duk kwana 28, ki ƙirga daga ranar da kika fara ganin jini: kwana na 10 zuwa na 15 ne suka fi. Za ki ga farin ruwa mai yauƙi a lokacin. A bututun mahaifa ƙwai da maniyyi suke haɗuwa, sai bayan kwana 6 zuwa 10 cikin ya gangaro ya maƙale a bangon mahaifa. Shi ya sa gwajin fitsari kafin ɓatan wata kan nuna babu. Ki fara shan ƙwayar bitamin ta folic acid, maikirogiram 400 kullum. In shekara ta cika, ko wata 6 ga wadda ta kai 35, ku je asibiti ku biyu.

Tambaya: Shekara uku matata na shan magani, ni kuwa lafiyata ƙalau. Me ya rage? (Magidanci daga Daura)

Amsa: Malam, kai ne ka rage. Kuzari a shimfiɗa daban, ingancin maniyyi daban, kuma yana damuna yadda ake ɗora wa mata laifin su kaɗai. Ka yi gwajin maniyyi bayan ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7. Ciwon sanyin da ba a magance ba, hangum bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina da taba duk suna rage shi. In sakamakon bai yi kyau ba, a maimaita bayan wata uku, don kusan tsawon lokacin da sabon maniyyi ke ɗauka kenan kafin ya ƙosa.

Tambaya: Sati 6 da tarewata, hoto ya nuna cikin sati 8. Ina cikin tashin hankali.

Amsa: Baiwar Allah, babu abin zargi. A asibiti muna fara lissafi ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, kusan sati 2 kafin cikin ya shiga. Ku zo tare da maigidan a yi masa bayani.